Gayyar da Ba a Tashi Ba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Faransancin ma da na ci abinci da shi shekara da shekaru, yanzu sai in nemi kalma in rasa. Amma akwai wata Alhamis ta tsakiyar damina, a wata gona ta ƙasar Mallawa, wadda na tabbata da ita za a sa ni a kabari. Jikokina sukan tambaye ni dalilin da ya sa nake ajiye tsohuwar hauya a ɗakina, alhali duk Magariya ta san ni ba manomi ba ne. Nakan ce musu ta ado ce. Yau dai zan faɗi gaskiya.

A zamanin Nasara ni tafinta ne a biro, wato ofishin Kumandan, Baturen da ke mulkinmu. Ubana ɗan kasuwa ne, yana kai fata Kano yana dawowa da goro da yadi, don haka ban taɓa sanin zafin gona ba. Tun ina ƙarami aka ɗauke ni aka kai ni lekkwal, makarantar Nasara, a Damagaram, na dawo da wandon kaki da harshe biyu da girman kai mai yawa. Mutanen ƙauye suna ce mini Mushe, wato Monsieur na Faransanci, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya yi boko, ni kuwa har wani ɗaga kafaɗa nake yi. Ban taɓa tsayawa na tuna abin da kalmar take nufi a Hausarmu ba.

Aikin tafinta yana da wani daɗi mai haɗari. Kumandan ba ya jin Hausa, talaka ba ya jin Faransanci. Abin da ya fita daga bakina shi ne maganar Kumandan, shi ne kuma maganar talaka, babu mai bin bayana ya duba. Inda magana ta yi kaifi sai in dasashe ta, inda ta yi ɗaci sai in zuba mata zuma. A lokacin gwaninta nake kiran wannan.

Sai babban yaƙin nan ya tashi a ƙasar Nasara. Takarda ta zo cewa a tara samari majiya ƙarfi, za a kai su su taimaki Faransa. Iyaka kuwa ga ta nan kusa, kuma babu wanda ba shi da kawu ko gwaggo a ƙasar Ingilishi. Da an hango dokin gardi, wato dogarin Nasara, sai samari su bi gonaki su tsallaka, ka shiga gari ka iske daga tsofaffi sai awaki. Da abin ya ishi Kumandan sai ya fita rangadi da kansa, ni kuma ina biye.

Mun isa wani ƙauye na ƙasar Mallawa da hantsi, lokacin noman fari. Mai gari ya sa aka kirawo mutane daga gona, suka jingina hauyoyinsu a jikin tsamiya suka zauna. Kumandan ya miƙe ya ce Faransa tana cikin wahala, abokan gaba sun shigo mata gida, tana neman taimakon 'ya'yanta. Na juya musu da Hausa, na ce taimako. Na sake, na ce gudummawa. Wani ya yi tari, wani ya kama zanen ƙasa da tsinke. Kumandan ya juyo ya kalle ni, wuyansa ya fara ja, ni kuwa na san in magana ba ta ci ba, tafinta ake tuhuma. Idona ya faɗa kan hauyoyin nan da ke jingine, sai kawai na ji bakina yana cewa, "Jama'a, ku fahimta mana. Nasara gayya ya kira. Ciyawa ce ta fi ƙarfin gonarsa."

Ni ɗan birni, abin da na sani game da gayya shi ne kiɗa da fura da ihun samari. Ban san cewa a wurin waɗannan mutane gayya amana ce ba. Wanda aka kira ba ya ƙi sai in ciwo ya kwantar da shi. Mai gona shi ke ciyarwa, kuma ya sallami kowa kafin rana ta faɗi. Sannan ranar da taka ta taso, wanda ka je wa zai zo da ƙafarsa, ko ya turo jininsa.

Wani tsoho ya miƙe daga can gefe. Dogo ne siriri, gemunsa fari fat, ƙafarsa ɗaya tana ɗan ja. Ya ce, "Mushe, gonar tasa a ina take?"

Na ce, "Da nisa, Baba. Sai an ƙetare teku."

Ya ce, "Nisa ba komai ba ne. In tawa ta taso, zai zo?"

Kumandan ya tambaye ni me tsohon yake cewa. Na ce masa tsawon hanya yake tambaya. Sannan na juya wurin tsoho na ce, "Zai zo mana, Baba."

Ya ce, "To ai magana ta ƙare. Ni tun da na iya riƙe hauya ba a taɓa kiran gayya na noƙe ba. Ku kira mini yaron nan."

Yaron nan shi ne ɗansa na fari, shi ya sa bai ambaci sunansa ba, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage masa. Daga baya na ji cewa a wannan lokacin yana cikin gida, uwarsa ta riga ta ɗaure masa guzuri zai tsallaka wurin ƙanenta a ƙasar Ingilishi. Ya fito, saurayi ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙirji, ya durƙusa. Tsoho ya ce, "Za ka je gayyar Nasara a madadina. Ƙafata ba za ta kai ni can ba." Saurayin ya ce, "To, Baba." Sai ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Shi ya san ba noma za shi ba, na gani a idonsa. Amma ba zai ƙaryata ubansa a gaban jama'a ba.

Da tsoho ya bayar da nasa, sai kunya ta kama sauran, su ma suka fara kiran nasu. Kumandan ya yi mamaki, ya dafa kafaɗata, da muka koma Magariya ya yi mini kyautar alƙalami. Na yi kwanaki ina nuna wa abokaina, ina ba su labarin yadda na buɗe bakin ƙauyawa da kalma ɗaya. Allah Ya yafe mini, har dariya muka yi.

Ranar da za a tafi da samarin, tsoho ya tako tun daga ƙauyensu har Magariya, da hauya a kafaɗa. Ya sa maƙeri ya wasa ta, ya yi mata sabuwar ƙota. An riga an loda samarin a kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya miƙa wa ɗansa ita yana cewa ba a zuwa gayya hannu rabbana. Wani gardi ya fizge ta ya wurgo ƙasa yana dariya. Tsoho ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya nemo ni da ido. Na ce masa, "Kada ka damu, Baba, Nasara yana da nasa hauyoyin." Ya gyaɗa kai ya ce lallai babban manomi ne. Ya tsaya nan har kamyon ya ɓace.

Damina ta wuce, wata ta zo. Bayan samari aka zo neman gero, aka zo neman gyaɗa, aka zo neman shanu, duk da sunan taimakon yaƙi. Rumbunan da suka saba kaiwa wata kaka suka koma ƙarewa tun bazara. Tsoho yakan zo Magariya bayan an gama girbi, ya zauna a inuwar ƙofar biro, ba ya roƙon komai. In na fito sai ya gaishe ni ya ce, "Mushe, har yanzu ba a tashi ba? Gonar nan da girma take." Sau ɗaya ne ya ƙara da cewa shi dai bai taɓa ganin gayyar da mai zuwa ke aika wa mai gona da hatsi ba. Na ce ai Nasara baƙo ne, al'adarsu daban. Ƙarya ta farko ita ce mai wuya, sauran da kansu suke zuwa.

A farkon damina ta huɗu wata takarda ta zo daga Damagaram, da sunayen waɗanda ba za su dawo ba. Ni na buɗe ta. Sunan ɗan tsoho yana ciki, da sunan ƙauyensu, da layi ɗaya: ya mutu saboda Faransa. Aikina ne in aika wa mai gari. Na sa ta ƙarƙashin wasu takardu na ce sai gobe. Goben nan ta kai wata guda.

Wata Litinin ina zaune sai ga tsoho ya shigo har cikin biro, abin da bai taɓa yi ba. Ya rame, bayansa ya ranƙwafa, ƙafar nan ta ƙara ja. A lokacin an riga an canza wancan Kumandan, an kawo wani matashi mai ladabi wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Tsoho ya durƙusa, ya kwance bakin rawaninsa, ya fito da goro fari guda biyu, ya ɗora a kan tebur.

Ya ce, "Mushe, gaya masa tawa ta taso. Ciyawa ta sha kan gerona, bayana ya ƙi. Garinmu babu saurayin da zan kira, rabi suna wurinsa, rabi sun tsallaka. Alhamis nake so. In aiki ya yi masa yawa, ko mutum biyar ya turo sun isa. Kuma ya taho mini da yaron nan, uwarsa ba ta jin daɗi."

Takardar tana nan a ƙarƙashin hannuna, ina jin ta. Kumandan ya ɗago yana jira. A nan ya kamata in faɗi gaskiya, sau ɗaya a rayuwata, ga su duka biyun a gabana. Sai na ce da Faransanci tsoho ne ya kawo gaisuwa. An koya wa Kumandan cewa a ƙasar nan ba a mayar da goro, don haka ya yi murmushi, ya ɗauka, har ya ɓantari ɗaya ya kai baki. Fuskar tsoho ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ya karɓa." Ya yi godiya ya fita, ni kuwa sai a lokacin na gane abin da ya faru. A wurinsa wanda ya ci goron gayya ya ɗauki alkawari.

Ran Laraba na ce ba ni da lafiya, na ari doki, na sa takardar a aljihu na kama hanya. Na kwana a Mallawa, na isa ƙauyen da hantsin Alhamis. Wata mata ta nuna mini gonar, amma ba ta amsa gaisuwata ba.

Abin da na gani ya fi ƙarfin abin da na shirya wa. Geron ya yi ja, ciyawa ta kai gwiwa. A gindin gawo an shimfiɗa sabuwar tabarma, an ɗora mata buzu, wurin zaman Kumandan ke nan. Ga ƙoren fura a jere an rufe da faifai. Ga tukunya a kan wuta, ya yanka akuyarsa guda ɗaya da ta rage. Daga baya na ji geron furar ma ɗan abin da suke lallaɓawa ne su kai kaka da shi. Tsofaffin garin suna tsaye nesa kaɗan, maza da mata, sun yi jugum. Su sun daɗe da ganewa, amma babu wanda ya iya gaya masa. A jikin gawon kuma ga hauyar nan mai sabuwar ƙota a jingine, ba a taɓa sa ta a ƙasa ba.

Tsoho ya taro ni da fara'a, ya riƙe mini linzami, amma idonsa yana kan hanyar da na fito. Ya ce, "Sannu da hanya, Mushe. Suna baya?"

Na sauka. Na durƙusa a cikin ciyawa da wandon kakina. Na ce, "Baba, babu mai zuwa." Na fito da takardar, na karanta masa layin nan guda ɗaya, na juya shi da Hausa yadda yake, ban rage ba ban ƙara ba.

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, kusa da tabarmar, bai hau ta ba. Can ya ce, "Wa ya wanke shi?"

Na ce, "Takardar ba ta faɗa ba."

"An yi masa salla? An juya fuskarsa gabas?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba." Tun da na fara tafinta ban taɓa furta wannan ba sai ranar.

Sai ya kira sunan ɗansa. A hankali ya kira, sau biyu, kamar mai tayar da wanda ya makara. Sunan da bai taɓa bari ya fita daga bakinsa ba tun ranar da aka raɗa shi. Matan da ke tsaye suka fashe da kuka, biyu daga cikinsu suka nufi gari wurin uwar.

Da na so, da a nan na tsaya, in bar laifin a kan Nasara, in hau dokina. Babu mai bin bayana ya duba. Amma kallon nan da saurayin ya yi mini a gindin tsamiya bai bar ni ba. Na ce, "Baba, akwai saura. Nasara bai taɓa cewa gayya ba. Soja ya zo nema, su je su yi masa yaƙi. Bai san ka tambaya ko zai zo ba, bai kuma ce zai zo ba. Na ran Litinin ma bai san goron me ya ci ba. Duk daga bakina suka fito."

Ya daɗe yana kallona. Na so ya zage ni, na so ya ɗauki sanda, da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Ashe ba shi ya kira ba."

Na ce, "Ba shi ba ne."

"Kai ka kira."

"Ni ne, Baba."

Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya je gindin gawo ya ɗauko hauyar ɗansa, ya miƙo mini ta ƙota. Ya ce, "To, mun je taka. Ga tawa."

Na cire takalmi na shiga. Ban iya ba, ina sare gero ina barin ciyawa, har wata tsohuwa ta zo ta gyara mini riƙo ba tare da ta dube ni ba. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo, kafin la'asar ya fashe, ƙotar ta yi ja. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin suka shigo da nasu hauyoyin, babu kiɗa, babu waƙa. Liman ya zo aka yi addu'a a gindin gawo, furar nan da naman nan da aka tanada wa gayya aka rabar da su sadakar mamaci. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba mu nome ba.

Da rana ta yi sanyi na ci gaba da sara, ina so in yi ta yi har in faɗi. Tsoho ya zo ya riƙe ƙotar. Ya ce, "Ya isa, Mushe. Mu a nan kafin magariba muke sallamar ɗan mutane. Tafi gida, uwarka tana jira." Ya bar mini hauyar, ya ce wata damina zan buƙace ta.

Na buƙace ta kuwa. Duk damina nakan je, har Allah Ya karɓi ransa, matarsa ta riga shi da daɗewa. Kada wani ya ɗauka na biya wani abu. Geron bai sake cika rumbu ba, gidan ya mutu, yau ko kangonsa ba a ganewa. Kuma gida ɗaya ke nan a cikin waɗanda suka kira 'ya'yansu a gindin tsamiyar nan.

Tun daga ranar, in na ji a rediyo an ce wata ƙasa za ta aika taimako zuwa yaƙin wata, ba na sauraron yawan abin da za a aika. Tambayata ita ce wace kalma aka gaya wa iyayen, wa ya faɗe ta, kuma gonar wa za ta zauna cikin ciyawa. Wanda ya yi alkawarin ba shi ke biya ba, kuma ba a fagen yaƙi ake gama biya ba, ana nan gida ana biya shekara da shekaru. Abin da tsohon nan ya koya mini shi ne in kira abu da sunansa, ko da jama'a za su watse su bar ni ni kaɗai da fushin Kumandan. Da na ce yaƙi a ranar, da saurayin nan ya kwana a gidan kawunsa.